Jifan Baƙo A Filin Ƙwallo Bashi Ne, Sai An Biya

Edita,

Ina roƙon ka taimaka mini da ɗan fili domin in yi magana da 'yan uwana masu sha'awar ƙwallon ƙafa, musamman mutanen karkara da ƙananan 'yan kasuwa, a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Al'amarin kuwa shi ne halin da ɗan kallo yake shiga idan ya bi ƙungiyarsa zuwa wani gari domin ya mara mata baya, da kuma irin tarbar da mu kanmu muke yi wa na wasu idan sun zo mana.

Da farko dai ya kamata jama'a su san ko wane ne wannan baƙon ɗan kallo. Ba ɗan wasa ba ne, balle a ce yana da albashi ko alawus. Ba jami'in kulob ba ne, balle a kama masa ɗaki a otal. Galibi za ka tarar ɗan tireda ne, ko tela, ko mai shayi, ko ɗan acaɓa, ko manomin da ya sayar da 'yan tiyoyin wake ya haɗa kuɗin mota. Ya rufe shagonsa kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, ya bar cinikin da zai ci da iyali, don kawai ya ga wasan minti 90. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta, amma duk da haka ba a rasa masu zuwa ba. Wanda ya yi wannan ɗawainiya ai ko ba a gode masa ba, bai cancanci a tarbe shi da dutse ba.

Ga kuma hanya. In wasan na kusa ne, kamar daga Kano zuwa Katsina ko Kaduna, mutum ya yi sammako ya dawo ya kwana a ɗakinsa. In Maiduguri ne, sai an ratsa Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu, tafiyar wuni guda cur. In kuwa Aba ne ko Fatakwal, to sai a bi Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, Inugu, a kwana a zaune a cikin mota, ƙafa ta kumbura, a yi sallar ƙasaru a gefen titi, a ci burodi da ruwan leda. Kuma hanyar nan ba ta san ɗan wasa ba, ba ta san ɗan kallo ba. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a kan hanyar Abuja zuwa Lakwaja, suna kan hanyarsu ta zuwa Owerri, 'yan wasa biyar suka ji rauni, ciki har da Gambo Muhammad. A watan Fabrairu na 2021 motar Wikki Tourists ta Bauchi ta kama da wuta a Hawan Kibo, a cikin watan ne kuma aka tare motar Adamawa United a hanyar Benin zuwa Ore aka yi awon gaba da direbansu. To in motar kulob da ke da gata ta gamu da wannan, ina ga ta magoya baya da ba wanda ya san tashinta balle saukarta?

Sai kuma an isa garin mutane sannan wata sabuwar wahalar ta fara. Na sha bin irin waɗannan motoci, na kuma ga yadda ake yi. Tun kafin a shiga gari za ka ji manya a cikin mota suna cewa kowa ya tuɓe rigar kulob ya cusa a jaka, a naɗe tuta, a ɓoye ganga. A bakin ƙofa ba wani layi na baƙi, sai turereniya da 'yan gari. A ciki ba wani ɓangare da aka ware, sai mutum ya zauna a tsakiyar waɗanda suke kallonsa kamar ɓarawon akuya. Idan ƙungiyarka ta ci, ka haɗiye murnarka, ka sunkuyar da kai kamar an yi maka rasuwa. A wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba, na ga dattijo mai furfura yana tafa wa abokan hamayya da ƙarfi don dai a bar shi ya fita da haƙoransa. Haba jama'a! Wannan kallon wasa ne ko zaman fursuna?

Amma Malam Edita, gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Abin da ake yi mana a garin wasu, mu ma muna yi wa wasu a garinmu, kuma wannan shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A 2017 an yi ruwan duwatsu a kan motar Enyimba ta Aba a Katsina. A watan Yuni na 2019, a filin wasa na Agege da ke Ikko, magoya bayan Pillars suka kutsa cikin fili bayan an tashi kunnen doki da Rangers ta Inugu, aka ci kulob ɗin tarar Naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali wasa 12. A nan mu ne ma baƙin, amma mu muka ɗaga hannu. A watan Afrilu na 2022 aka farfasa motar Katsina United a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, aka ci tarar Naira miliyan 9, aka zabtare maki 3, aka kora kulob ɗin Abuja, a ƙarshen kakar nan kuma ya faɗa rukuni na ƙasa. A watan Oktoba na 2025 aka sake, bayan Shooting Stars ta Ibadan ta farke ci a ƙarshen wasa: aka far wa alƙalan wasa da baƙi, aka sake cin tara, aka sake cire maki 3, aka ce a koma Katsina da wasannin gida. Ku duba ikon Allah, garin da aka fasa wa mota shi ne ya zama masauki.

Yanzu don Allah wa ya ci riba? Yaron da ya yi jifa ya koma gida ya kwanta, ba a cire ko sisi daga aljihunsa ba. Amma mai tsire da mai rake da mai gyaɗa da mai awara da mai ruwan sanyi da ke kasa kaya a bakin fili ranar wasa, da mai sayar da riguna da huluna na kulob, da ɗan adaidaita sahu da ke jigilar 'yan kallo, duk sun tashi a tutar babu, domin kasuwarsu ta bi kulob zuwa wani gari. Masoyin da a da yake takawa da ƙafa ya shiga kallo, yanzu shi ma ya zama baƙo, sai ya biya kuɗin mota kafin ya ga wasan da ake kira na gida. Kuɗin tarar kuma daga baitulmalin jiha za a fitar, wato kuɗin ni da kai.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babban abin tsoro shi ne, jifan nan bashi ne, kuma ba wanda ya ci shi ne yake biya ba. Kowace ƙungiya a gasar lig tana karawa da kowace sau biyu, ɗaya a gida ɗaya a waje. Duk wanda ka jefa yau, wata rana cikin kakar nan ko ta baɗi sai naka sun je gabansa. Wa zai karɓi ramuwar? Wannan tela da wannan mai shayi da suka cika mota suka tafi, su ashirin ko talatin a tsakiyar dubbai. Kuma ba su kaɗai ba. A Sabo ta Ibadan akwai Hausawan da kakanninsu suka zauna fiye da shekara ɗari. Akwai namu a Agege da Idi-Araba a Ikko, akwai su a Ama Hausa ta Owerri, akwai masu albasa da tumatir da doya da shanu a kusan kowace kasuwa ta Kudu. Su ba su je kallo ba, wasu ma ba su san an yi wasa ba, amma yau da waya a hannun kowa, hoton mutum da jini a fuska yana isa Ibadan kafin motar 'yan wasa ta bar Kano. Kada mu manta rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairu na 2021 daga 'yar sa-in-sa ya faro, amma kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje, mutane da yawa sun kwaso iyalansu sun dawo Arewa hannu rabbana. Wanda ke da ɗan uwa a ci-rani bai kamata ya yi wasa da ashana ba.

Wani zai ce ai su suka fara. To na ji. In ka je can ka tambaye su, su ma cewa za su yi mu muka fara, kowa da tarihin motarsa da aka fasa. In aka biye wa wannan lissafi har tashin duniya ba za a gama ba. Wani kuma zai ce ai laifin lafari ne, shi ke busa son rai. Ban ce lafarori mala'iku ba ne, akwai masu abin kunya a cikinsu. Amma ku gaya mini, tun da ake wasa, yaushe aka taɓa soke ci saboda an fasa wa lafari kai? Hasali ma dukan ne yake ƙara lalata busa, domin lafarin da ya san ba zai fita lafiya ba in masu gida ba su ci ba, dole ya nemo musu fenariti ko ta halin ƙaƙa. Mu yi murna a gida, mako mai zuwa a yi mana irinta a waje, mu dawo muna kuka. Pillars ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida a wasan lig ba, ranar da Nasarawa United ta zo ta ci 2 da 1 kuwa sama ba ta faɗo ba, gari ya waye kowa ya tafi kasuwa.

In muna ganin abin wasa ne, to mu dubi gemun maƙwabta. Ranar 9 ga Mayu, 2001, a birnin Akara na ƙasar Gana, Hearts of Oak ta karɓi baƙuncin Asante Kotoko ta Kumasi. Aka ci Kotoko a ƙarshen wasa, magoya bayanta suka fara jifa da kujeru da kwalabe, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofa suka tarar da ita a rufe. Mutum fiye da 120 suka mutu, da yawa daga cikinsu 'yan uwanmu ne mazauna unguwannin Zango. Ranar 1 ga Fabrairu, 2012, a garin Fot Sa'id na ƙasar Masar, masu gida Al Masry su ne ma suka ci Al Ahly ta Alƙahira 3 da 1, amma duk da haka aka auka wa baƙin 'yan kallo, ƙofar fitarsu a garƙame, mutum fiye da 70 suka halaka. Bayan nan Masar ta yi shekaru ana buga lig ba ɗan kallo ko ɗaya. A duka biyun abu uku ne suka haɗu: fushi, da rufaffiyar ƙofa, da rashin shiri domin baƙo. Wanne ne babu a filayenmu?

Na san akwai dattawan da za su ce, to wa ya aike ku? Ku zauna a gida mana, ga rediyo, ga gidan kallo. Ina girmama wannan magana, kuma lalle duk wanda zai ci jarinsa, ko ya bar gona ba noma a tsakiyar damina, ko ya fita ba da yardar iyayensa ba saboda ƙwallo, to ya zauna ya fi masa. Amma hana tafiya gaba ɗaya ba magani ba ne. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Yaro nawa ne bai taɓa ƙetare kogin Kwara ba sai ta dalilin ƙwallo? Ɗan kasuwa nawa ne ya je kallo ya dawo da lambar wanda zai riƙa aiko masa da manja ko gari, shi kuma yana aika masa da wake? Ɗan wasa kuma da ya ɗaga kai a garin da ba ya jin yarensu ya hangi mutanensa ko da goma ne, wallahi ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. In muka daina zuwa wurin juna, sai mu koma gidan kallo muna faɗa a kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen waɗanda ba su san da zamanmu ba, namu kuma su mutu kamar yadda Raccah Rovers ta Kano, zakarar lig ta 1978, ta zama sai labari.

Maganin kuwa ba sai mun je Turai neman sa ba, yana cikin gadonmu. Kakanninmu fatake sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni a ƙasa, suna ratsa ƙasashen da ba su jin harshensu, kuma suna dawowa da dukiyarsu. Me ya tsare su? Tsari. Ayari ba ya tashi sai da madugu wanda kowa ke jin maganarsa, da jagaba da ke gaba yana duba hanya, da zango sananne inda za a sauka, da mai masauki a can wanda zai tsaya wa baƙo, in an cuce shi ya bi masa hakki, in shi ya yi laifi ya tsawata masa. Har gobe da wannan tsari ake cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Me zai hana masu bin ƙwallo su ɗauka?

Saboda haka ga shawarata. Na farko, kowace motar magoya baya ta tashi da madugu, dattijo mai hankali, a rubuta sunan kowa da lambar wani nasa, a bar kofe ɗaya a hannun shugabannin tasha. A ƙirga mutane wajen shiga, a ƙirga wajen fita. Wanda aka san shi da shaye-shaye ko neman rigima a sauke shi tun a tasha, ko ɗan wa ye.

Na biyu, shugabannin magoya baya na kowane kulob su riƙe lambar takwarorinsu na sauran garuruwa. Kwana biyu kafin wasa a yi waya: mu kaza ne, mota kaza, za mu iso ƙarfe kaza. Masu gida su tarbe su a bakin gari, su ba su ruwa, su raka su fili, in an tashi su raka su har bayan gari. A Kudu a haɗa da Sarkin Hausawa na garin, a Arewa a haɗa da shugabannin ƙabilun da ke zaune tare da mu, irin na Sabon Gari. Wanda ya sha ruwanka da wuya ya jefe ka.

Na uku, ina kira ga hukumar shirya gasar lig da masu kula da filayen wasa da su ware wa baƙi ɓangarensu da ƙofarsu, a sa 'yan sanda a tsakani, a ajiye motarsu a wuri mai tsaro. In an tashi a riƙe su kamar rabin awa har 'yan gari su watse. A buɗe dukan ƙofofi kafin busan ƙarshe, kuma kada a kuskura a harba barkonon tsohuwa cikin taron da ba shi da mafita. Sa'an nan hukunci ya riƙa sauka a kan mai laifi shi kansa. Tunda fuskokinsu suna fitowa ƙarara a hotunan waya, a kama su a kai kotu, a hana su shiga fili, maimakon a bar su suna yawo a hukunta mai tsire.

Na huɗu, a ji tsoron Allah a kan direbobi. Tafiya mai nisa a sa direba biyu, kuma in wasa ya kai magariba a kwana, gari ya waye a kama hanya. Ba mu manta da ranar 31 ga Mayu, 2025 ba, lokacin da motar tawagar 'yan wasan Jihar Kano da ke dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gada a hanyar Zariya zuwa Kano, saura ƙiris su iso gida, mutum fiye da 20 suka riga mu gidan gaskiya. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kuɗin kwana ɗaya a masauki bai kai ran mutum ɗaya ba.

Na biyar, kai ɗan uwana mai tafiya, riƙe katin shaidarka a aljihu. Kada ka ɗauki makami kowane iri, ko da 'yar wuƙar fere rake ce, domin abin da yake kayan aiki a garinku yana iya zama hujjar kashe ka a garin wani. Abin da ya sami mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna kan hanyarsu ta zuwa Kano, ya isa wa'azi. Ka yi wa ƙungiyarka kirari iya son ranka, amma kada ka zagi garin mutane, ko sarkinsu, ko addininsu, ko ƙabilarsu. In an ci ku ka yi haƙuri, in kun ci ka rage tsalle har ku wuce gari. Baƙo raɓa ne, in hantsi ya yi sai ya kama gabansa.

Daga ƙarshe ina tuna wa 'yan uwana Kanawa cewa kirarin da muke alfahari da shi shi ne Sai Masu Gida. To ai maigida ba a gane shi da ƙarfin jifa, da yadda baƙonsa ya kwana ake gane shi. Addininmu ya haɗa girmama baƙo da imani, iyayenmu kuma suka ce baƙonka annabinka, ba su ce ban da wanda ya zo da rigar wata ƙungiya ba. Haka nan ina kira ga na Katsina da Bauchi da Maiduguri da Jos da Minna da Gombe da Kaduna, kowa ya ja wa yaran unguwarsa kunne. Limamai da masu unguwanni su ma su sa baki, domin yaran nan ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yanmu ne.

Allah Ya kiyaye matafiya a duk inda suke, Ya kai kowa gidansa lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu Nijeriya lafiya, amin.

Naka mai karatu kullum,
Wani ɗan tireda mai son tamaula,
daga Jihar Kano.